Wai da gaske ne hadda tana kashe tunanin yaro?

Abban_Sadiq
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Asabar. An yi taron iyaye da malamai a makarantar su babban ɗana, sai wani baƙo da aka gayyato, aka ce malamin jami'a ne, ya miƙe ya ce wai bincike ya tabbatar hadda tana kashe tunanin yaro, kuma duk yaron da aka saba masa da ita ba zai iya warware matsala da kansa ba. Yaron nan shekararsa 9, yana da izu 12 a ka, kuma ni na kai shi da hannuna. Na so in tambayi mutumin wane bincike ne, lokaci ya ƙure aka tashi. Shi ne na ce bari in kawo nan, tunda akwai malamai a cikinmu. A faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Gardin_Haɗeja
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam. Duk wanda ya faɗi haka bai taɓa zama gaban allo ba. Malaman da suka bar mana littattafan fiƙihu da nahawu da lissafin rabon gado ai da hadda suka fara. Su ma tunaninsu mutuwa ya yi?

Ummu_Hanan
Ni akasin haka ma na gani. Shekarata 11 ina koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma kusan kowane zango masu hadda ne ke cinye na ɗaya zuwa na biyar. Hadda buɗe ƙwaƙwalwa take yi.

Malama_Binta
Abban Sadiq, Allah ya raya yaro ya albarkaci karatunsa. Fannin da nake koyarwa ke nan a kwalejin horar da malamai, wato nazarin yadda ɗan'adam ke koyo. Baƙon naku ya yi wa magana kuɗin goro. Bari in faɗi abin da aka gwada aka gani.

Wanda ya fara auna mantuwa da lissafi wani Bajamushe ne, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa aikinsa a 1885. Da kansa ya yi gwajin. Yakan haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya jira, sannan ya duba nawa suka zube. Ya ga mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko, daga nan sai ta lafa. Ya kuma ga maimaici 38 da ya rarraba a kan kwana uku ya yi masa aikin da maimaici 68 ya yi a zama ɗaya.

Sai 2006, a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu aka ce su yi ta karantawa har zagaye huɗu. Wasu zagaye ɗaya suka samu, aka karɓe takardar, aka ce su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juye da mujiya: masu karantawa sun riƙe kashi 40 cikin ɗari, masu kawowa da ka sun riƙe kashi 61. Abin da ya fi ba ni mamaki, masu karantawar su ne suka fi tabbacin cewa za su tuna. Ido ya saba da rubutu, sai zuciya ta ɗauka ta riƙe.

Alaramma_Gwani
Malama, wannan da kika zayyana ai tsangaya ce. Yaro ya rubuta allonsa, ya biya wa malam, ya koma gefe ya yi ta tishi. Ba a ba shi izinin wankewa sai ya kife allon ya kawo da ka. Da zarar an wanke, tawada ta tafi, babu inda zai leƙa, dole ya nemo a ƙirjinsa. Ga tilawar asuba da ta dare, inda ake komawa baya a ɗauko abin da aka wuce wata uku ko shekara. Mun taso mun tarar ana cewa wanda ya ƙara allo bai yi tilawa ba, kamar mai ɗebo ruwa a kwando ne. Kuma Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayi. Na ji daɗi da su ma suka auna suka gani.

Gardin_Haɗeja
Allah ya gafarta Malam, magana ta ƙare ke nan.

Injiniya_KT
Ba ta ƙare ba ɗan'uwa. Da girmamawa ga Alaramma da Malama, an amsa tambayar da ba a yi ba. Abban Sadiq bai ce hadda tana zama a ka ko ba ta zama ba. Cewa ya yi tana kashe tunani ko a'a. Binciken 2006 ɗin nan riƙewa ya auna, ba fahimta ba.

Ni shaida ne a kan wata irin hadda mai cutarwa. A sakandare an sa mun haddace dokokin lantarki kalma da kalma da Turanci, wanda ya canza ko harafi ɗaya malam ya soke. Na ci jarrabawa da kyau. Da na je koyon aiki aka miƙo mini batir da waya da ƙwan fitila biyu, aka ce wanne zai fi haske idan an haɗa su a jere, sai na tsaya ina kallo. Dokar tana bakina, amma ban taɓa sanin tana magana a kan abin da ke hannuna ba. Shekara biyu na yi ina sake koyon abin da takardata ta ce na iya. Ina jin irin wannan baƙon yake nufi, sai dai bai iya faɗa ba.

Ummu_Hanan
Injiniya, wannan ai laifin malamin ne, ba na hadda ba. Ni dai abin da na gani da idona na faɗa.

Malama_Binta
Injiniya ya yi gaskiya, na karɓi gyara. Kuma Ummu Hanan, 'yar'uwa, a nan zan ɗan saɓa miki. Yarinyar da ta yi hadda, duba gidansu. Galibi akwai uwar da ke tashinta da asuba, da uban da ke bibiyar karatu, kuma ita kanta ta saba zama awa biyu a kan abu ɗaya. Waɗannan kaɗai sun isa su kai ta na ɗaya. Kafin a ce haddar ce ta yi aikin sai an ware ta daga sauran, kuma wannan ne wahalar irin binciken nan.

Akwai waɗanda suka samu damar warewa, a nan Afirka ta Yamma. Sylvia Scribner da Michael Cole sun yi aiki a cikin ƙabilar Vai ta Laberiya a shekarun 1970, sakamakon ya fito a 1981. Abin da ya sa suka zaɓi Vai, iri uku na masu karatu gare su: masu rubutun Vai na gargajiya da ake koya a gida ba makaranta, masu karatun allo da Larabci, da 'yan boko masu Turanci, ga kuma waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Sun gwada mutum sama da dubu. Masu karatun allo sun yi fice a gwajin da ake ba mutum kalma ɗaya ya maimaita, a ƙara ta biyu ya maimaita duka a jere, a ƙara ta uku, haka dai. Wato daidai yadda ake ƙara aya a kan aya. Amma da aka koma wasu nau'o'in tuni, fifikon bai bi su ba. 'Yan boko sun fi kowa iya bayanin dalilin amsarsu da baki, don abin da ake sa su yi ke nan a aji. Masu rubutun Vai kuma sun fi iya harhaɗa gaɓoɓi su fitar da ma'ana, don haka rubutunsu yake.

Ba a samu cewa allo ya dakushe tunanin kowa ba. Ba a kuma samu cewa ya wasa ƙwaƙwalwa a kan komai da komai ba. Kowa abin da ya yi ta yi, shi ya ƙware a kai.

Dalibar_Likitanci
Malama, wannan ya tuna mini wani da aka koya mana. A Jami'ar Carnegie Mellon, Anders Ericsson da William Chase sun horar da wani ɗalibi riƙe lambobi. Ya fara da 7 kamar kowa, bayan sama da awa 200 na atisaye ya kai kusan 80 a ji ɗaya. Ɗan tsere ne, sai yake mayar da lambobin lokutan gudu. Da aka ba shi haruffa a maimakon lambobi sai ya dawo wajen 6. An buga wannan a 1980.

Ni na sauke kafin in shiga jami'a. Ba zan ce hadda ta sa na fahimci yadda ƙoda ke aiki ba. Amma ta koya mini rufe littafi in tambayi kaina, alhali abokan karatuna suna ta shafa wa shafi kala da alƙalami.

Baba_Maidara
'Ya'yana ku bari tsoho ya sa baki. Kuna ta raba hadda da tunani kamar kishiyoyi. Ni na yi shekara sama da 40 ina dara. Idan na kalli gurabu sau ɗaya, ko an watsar zan mayar da kowane ɗa inda yake. Ba don kaina ya fi na kowa ba, don na san abin da kowane zama yake nufi, wannan tarko ne, wancan shirin ci ne. Wanda kansa babu komai da me zai yi tunanin?

Malama_Binta
Baba, Allah ya ƙara girma, ka faɗi sakamakon wani sanannen bincike ba tare da ka karanta shi ba. A 1973 Chase ɗin nan da Herbert Simon sun nuna wa gwanayen darar Turawa allon wasa na daƙiƙa biyar. In daga wasan gaske aka ɗauko zaman, gwani yakan mayar da mafi yawa, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. In aka zuba 'ya'yan barkatai yadda ba sa zama a wasa, sai tazarar ta kusa ɓacewa. Gwanin ba ɗaiɗaiku yake riƙewa ba, dunƙule-dunƙule masu ma'ana yake gani.

Injiniya_KT
To kun dawo kan maganata. Ma'ana ce ta riƙe wa Baba darar. Ni dokar lantarki ba ta da ma'ana a wurina, shi ya sa ta zauna kamar dutse a ciki.

Sarkin_Tambaya
Tunda ana maganar tunani, bari in gwada ku. Kada kowa ya ɗauki biro. An sayi littafi da fensir a kan naira 1,100. Littafin ya fi fensirin tsada da naira 1,000. Nawa ne fensir?

Ummu_Hanan
100.

Gardin_Haɗeja
Ɗari mana.

Dan_Kwari
Hamsin ne. Ka ware dubun da ke tsakani, saura ɗari, ka raba biyu. Fensir 50, littafi 1,050. In fensir ɗari ne littafi dubu, ai tazarar ɗari tara ce.

Sarkin_Tambaya
Ɗan Kwari ya ci. Kada waɗanda suka ce ɗari su damu. Asalin tambayar ta Shane Frederick ce, da sandar wasa da ƙwallo a kan dala ɗaya da santi goma, kuma Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya yaɗa ta. Fiye da rabin ɗaliban da aka tambaya a manyan jami'o'in Amurka, Harvard da MIT da Princeton, amsar kuskuren suka bayar. Amsar farko ce ke faɗo wa mutum a rai da sauri, ta yi kama da daidai, sai ya ƙi tsayawa ya duba. Waɗannan ba 'yan tsangaya ba ne, balle a ce hadda ce ta jawo musu.

Ummu_Hanan
Na yarda, gaggawa na yi. Gobe zan kai wa 'yan ajina in gani.

Dan_Kwari
Ni aji uku na firamare na tsaya, sai allo da kasuwa. Amma in ka ce mini yadi 17 a kan 2,350 kafin ka ciro waya na ba ka amsa. Yaron shagona ya gama sakandare, sai ya nemi takarda, kuma ya kan ɓata. Abin da na lura, shi lambobi yake gani, ni kuɗi nake gani. In amsa ta fito ba daidai ba jikina yana ba ni, don na san abin da ya kamata ya shiga aljihu.

Malama_Binta
Alhaji Ɗan Kwari, an yi irin wannan a garin Recife na Birazil, an buga a 1985. Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann sun je wurin yara masu talla kamar masu saye. Aka tambayi wani kwakwa goma a kan 35 kowace, sai ya ce uku 105 ne, ya tara sau uku ya samu 315, ya ƙara ɗaya ya ce 350. A bakin talla yaran sun ci kashi 98 cikin ɗari. Da aka ba su lissafin iri ɗaya a takarda, lambobi zalla, suka faɗo kashi 37. Yara biyar ne kacal, don haka kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, amma ya buɗe wa malamai ido sosai.

BaDamagare
Salamu alaikum. Daga Damagaram nike. Akwai abin da ba ku taɓo ba, shi ne harshe. Mu nan yaro ya shiga lakwal, wato makarantar boko, mushe, wato malamin aji, yana magana da Faransanci, shi ko kalma guda bai ji. Mi zai yi in ba hadda ba? Ba zaɓi ya yi ba, dole ce. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a nan Zinder saboda wannan matsalar. Ku ma can an yi irinta a Ife daga 1970, lokacin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, kuma ba su kasa a Turancin ba. Dokar lantarkin Injiniya da an fara gaya masa ita da Hausa, da batir a hannu, da labarin ya canza.

Injiniya_KT
Wallahi haka ne. Amma sai in mayar da tambayar ga Alaramma, da ladabi. Yaron da ya haddace izu 12 da Larabcin da bai ji, bai shiga wannan matsalar ba?

Alaramma_Gwani
Tambaya ce mai kyau, ba na jin haushinta. Bambancin shi ne niyya. Alƙur'ani lafazinsa ake so a tsare harafi da harafi, tilawarsa ibada ce, kuma ƙuruciya ce lokacin da ya fi zama. Dokar lantarki kuwa ba lafazinta ake bukata ba, aikinta ake so. Wanda ya ɗauki hanyar tsare lafazi ya ɗora wa ilimin da ake son aikinsa, shi ya yi kuskure. Sannan a tsarinmu sauka ba ita ce ƙarshe ba. Bayanta ake zama zaure a ɗauki littattafai, malam ya karanta ya fassara da Hausa, a yi tambaya, a kawo mas'ala. Inda zan yarda da kai, da yawa yanzu suna tsayawa a saukar, ba su shiga zauren ba. Wannan gibi ne, kuma namu ne.

Yar_Zongo_Kumasi
Ni abin da ke damuna da “bincike ya nuna” shi ne, a kan wa aka yi binciken? A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa biyu a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun ja hankali cewa kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwadawa a manyan mujallun wannan fanni daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya suke. Da yawansu ma ɗaliban jami'a ne.

Kuma ko an zo wurinmu, tambayar kanta tana iya zama matsala. Alexander Luria ya je Uzbekistan a 1931 da 1932, yana tambayar manoman da ba su yi makaranta ba: auduga tana yi ne inda ke da zafi da bushewa, Ingila akwai sanyi da danshi, auduga za ta yi a can? Da yawa suka ce ba su taɓa zuwa ba, ba za su yi magana a kan abin da ba su gani ba. Aka fassara wannan da cewa ba su saba da irin wannan istinbaɗi ba. Ni kuwa in kakata ce ta amsa haka, cewa zan yi ta ƙi yin shaidar zur.

A cikin ƙabilar Kpelle ta Laberiya ma an ba mutane kaya su kasa. Suka haɗa wuƙa da lemu, don da ita ake yankawa, suka ce haka mai hankali zai yi. Da mai binciken ya ce to yaya wawa zai kasa, sai suka ware abinci gefe, kayan aiki gefe, wato daidai amsar da yake jira tun farko.

Sarkin_Tambaya
Hajiya, gaskiya ne, amma kada mu yi amfani da wannan mu watsar da duk binciken da bai yi mana daɗi ba, mu rungumi wanda ya yabi allo. Na 2006 ɗin da muka yi murna da shi ma a kan ɗaliban Amurka aka yi.

Yar_Zongo_Kumasi
Ban ce a watsar ba. Cewa nake jami'o'inmu su shiga tsangayu da islamiyyu su auna da kansu, da Hausa. Ga dubban mahaddata a Kano da Maiduguri da Zinder, wa ya fi mu damar yin wannan aikin?

Abban_Sadiq
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Jiya da dare na gwada abu biyu. Na ba yaron tambayar fensir, ya ce ɗari, na ce ya sake dubawa, ya yi shiru can ya ce hamsin. Sannan na ce ya karanta mini Suratul Fil, ya karanta ba gargada. Na ce labarin me take bayarwa, sai ya ce ba a gaya musu ba. Da na ba shi labarin Abrahata da giwaye da tsuntsaye, bai bar ni na kwanta ba sai da ya yi mini tambaya ta fi goma, har da ko tsuntsayen suna nan har yanzu. Ba zan cire shi daga hadda ba. Amma Allah ya gafarta Malam, in fara haɗa masa da fassara tun yanzu, ko zai raba masa hankali?

Alaramma_Gwani
Labaran surori da ma'anar gajerun da yake sallah da su, ba shi yanzu. Fassara aya da aya kuwa ni na fi son a bari ya yi nisa, don na ga yaran da ma'ana ta sa suna musanya kalma da mai kama da ita.

Malama_Binta
Allah ya gafarta Malam, a nan ina da ja kaɗan. Abin da darar Baba ta nuna shi ne ma'ana tana ƙara riƙo. Musanyar da ka gani gaskiya ce, tana faruwa, amma ina ganin tilawa ce maganinta, ba jinkirta fassara ba.

Alaramma_Gwani
Malama, zo da ɗalibanki tsangayata ku gwada. Ina da yara sama da 60, a raba su biyu, wasu da fassara wasu babu, in iyayensu sun yarda. Bayan wata shida a saurare su.

Malama_Binta
Na karɓa da hannu biyu. Sai dai ƙuri'a za a yi wajen rabawa, kada a zaɓi masu ƙoƙari a tara gefe guda, kuma wanda zai saurare su kada ya san wane rukuni yaro yake. Zan tura maka saƙo ta akwati mu tsara.

Ummu_Hanan
Na kai wa 'yan ajina tambayar fensir yau. Cikin 46, bakwai ne suka ce hamsin. Uku masu hadda ne, huɗu ba su da ita.